Na ɓata Peugeot ɗina da buroshi, wane alƙalamin feshi zan saya?

Lawali na Zango:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Wata uku ke nan ina haɗa maket, wato 'yar ƙaramar kwaikwayon mota ta roba, na Peugeot 405 T16 na kamfanin Tamiya, ma'aunin 1/24, motar da Ari Vatanen ya ci Paris-Dakar da ita a 1990. Haɗi ya tafi lafiya lau, tayoyi da kujeru komai ya zauna. Da na zo kan jiki sai na ɗauko buroshi da 'yar gwangwanin fentin Humbrol rawaya. Shafi na farko, roba tana leƙowa. Na biyu, sawun gashin buroshi ko'ina. Kafin na huɗu layukan ƙofa duk sun cike, motar ta koma kamar an tsoma ta a miyar taushe. Ƙanwata da ta gani cewa ta yi wai sabulu na sassaƙa.

To na yanke shawarar sayen alƙalamin feshi, wanda ake ce wa ayerogaraf da Faransanci. Jika 60 gare ni, ba ƙari. Ɗan baffana zai taso daga Faransa bayan salla, zai iya riƙo mini abu marar nauyi, kuma akwai abokina mai zuwa Kano duk sati biyu. Na duba intanet har kaina ya ɗau zafi: Iwata, Badger, Harder & Steenbeck, ga na Sin masu araha birjik. Wanne zan kama?

Habu Mai Fenti:
Wa alaikumus salam. Kawo ta gareji in fesa maka da pistole, minti biyu an gama. Ka riƙe kuɗinka ka sayi rago.

Malam Issufu:
Habu, kai da Allah. Hancin pistolen mota yana kai milimita 1.3 ko 1.4, motar yaron nan kuwa ba ta wuce tafin hannu ba. Shaƙa ɗaya za ka yi mata ta nutse. Kuma fentinku na seluloz yana cin irin wannan roba, sai ka ga jikin ya yamutse kamar fatar tsohuwa.

Habu Mai Fenti:
Wasa nake Malam, a yi haƙuri. Amma dai in zai cire tsohon fentin, man birki yana ɗaga shi. Ya jiƙa ta kwana ɗaya ya bi da tsohon buroshin haƙori.

Malam Issufu:
Wannan gaskiya ne, sai dai ya fara gwadawa a kan ragowar sandunan roba da kayan suka zo a jiki, don wata robar man birki yana sa ta yi gautsi.

Lawali, bari in yi maka bayani daki-daki, ka yi haƙuri da tsawon magana, halin tsofaffin malaman lekol ne. Kafin ka kalli sunan kamfani, abu uku za ka duba.

Na farko kunama. Akwai mai aiki ɗaya: ka danna, iska da fenti su fito tare, yawan fentin kuma sai ka tsaya ka murɗa wani ƙarfe kafin ya canza. Paasche H na Amurka irin wannan ne, ba ya lalacewa, amma bai dace da aiki mai laushi ba. Akwai kuma mai aiki biyu: ka danna ƙasa iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, iya jan da ka yi iya fentin da zai zubo. Shi nake ba ka shawara. Kwana biyun farko yatsanka zai yi maka gardama, daga nan ya saba.

Na biyu wurin zaman fenti. Wani ƙoƙonsa a sama yake, fenti na gangarowa da kansa. Wani kwalba ce a ƙasa, iska ce ke zuƙo shi. Mai kwalba na masu fesa riga ne da allunan talla, yana son iska mai ƙarfi da fenti mai yawa. Kai da kwalbar fentin maket irin ta Tamiya mililita 10 ce kacal, ɗigo biyar ma aiki ne, mai ƙoƙo a sama za ka nema.

Na uku faɗin hanci, wato 'yar ƙofar da fenti ke fita, da milimita ake auna shi, kuma nan ne sababbin shiga ke faɗawa rami. Kowa yana ganin 0.2 sai ya ce ai shi ne na ƙwararru. Ka nemi 0.3 zuwa 0.4. Zan faɗi dalili in na dawo daga masallaci.

Sani Bakano:
Kafin Malam ya dawo bari in sa baki. Ɗan Damagaram, kada su ruɗe ka da sunayen Japan da Jamus. Na Sin ka saya, mai 0.3, irin su Fengda. Ni da shi na fara, na fesa jirage na 1/72 sun fi goma. In ka lanƙwasa allurar da ke cikin alƙalamin, kuma wallahi sai ka lanƙwasa, ba za ka yi kuka ba. Wa ke koyon tuƙi da sabuwar mota?

Hadiza Maket:
Ni kam ban yarda da wannan ba, Malam Sani. Araha ba ta ado. Aikina ke nan, maket ɗin gidaje nake yi wa masu zanen gini, kuma na Sin guda biyu na binne kafin in yi hankali. Matsalarsu ba feshi ba ce, ranar farko suna feshi tsaf. Matsalar hancin ne. Ɗan mitsitsi ne kamar ƙwayar shinkafa, mai zare, ana ɗaure shi da wani ɗan makulli. Ranar da nake gaggawar kammala wani gida irin na Birni, mai zankwaye da zanen dagi a fuska, na cire hancin in wanke, na mayar, na ƙara murɗi ɗaya kawai, sai ji na yi ƙyas. Zaren ya karye ya bar rabinsa a ciki. Sha biyun dare, gobe da safe za a zo karɓar aiki. Da auduga da soso na ƙarasa bangon, hannuna yana rawa.

Na Harder & Steenbeck hancinsa ba shi da zare ko kaɗan, sakawa ake yi murfi ya danne shi, da yatsa kake cirewa. Iwata Eclipse ma haka, hancin babba ne mai zama da kansa. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Sani Bakano:
Hajiya, nawa ne Eclipse ɗin? Faɗa masa.

Hadiza Maket:
Ya haura Yuro 100 nesa ba kusa ba, ban musa ba.

Sani Bakano:
To Yuro 100 ma jika 65 ne da 'yan kai, tunda Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya. Yaro ya ce jika 60 gare shi. Ya sayi alƙalami ya zauna yana hura shi da baki ke nan?

Malam Issufu:
Na dawo. Bakano ya taɓo inda nake son zuwa, ko da yake ba a cika samun gaskiya a bakin Kanawa ba.

Sani Bakano:
Allah ya ba ka haƙuri Malam, mu dai mun saba da ku tun zamanin kakanni.

Malam Issufu:
Lawali, alƙalami rabin kaya ne, wataƙila ma bai kai rabi ba. Iska ita ce babba. Alƙalami mai tsada da iska mai fizga ba zai yi maka aikin da mai araha zai yi da iska mai natsuwa ba. Ka nemi kwampireso, wato injin tura iska, mai tanki. Akwai wanda ake kira AS-186, ana sayar da shi da sunaye iri-iri amma cikinsa ɗaya ne: tankinsa lita 3, in iska ta kai bar 4 ya kashe kansa, in ta sauka zuwa 3 ya tashi. Amfanin tankin biyu ne. Iska tana fita sumul ba tare da bugun fistan ba, kuma injin yana samun hutu. Ƙanensa marar tanki, AS-18, kusan duk lokacin da kake feshi yana aiki, a zafin watan Afrilu na garin nan kuwa ba ya jimawa sai ka ji kansa ba ya taɓuwa, ya tsaya sai ya huce. Yawanci akan haɗa su da alƙalamin Sin a kwali ɗaya, ka ga maganar Sani ta shigo.

Kuma ka karanta jikin kwalin. Wutarmu 220 ce. In wani ya aiko maka na Amurka mai 110 ka soka a bango, hayaƙi za ka gani.

Batun hanci da na yi alkawari: garinmu busasshe ne. Su Turawan da kuke kallo a YouTube suna feshi ne a ɗaki mai sanyi da laima. Nan da hunturu ko bazara, fentin ruwa yana bushewa a kan tsinin allura kafin ka ƙirga ashirin. Da 0.2 kowane minti biyu sai ya toshe, ka tsaya ka goge, ka fesa, ya tofa maka gudaji a kan aiki. 0.35 ko 0.4 yana da haƙuri. Kuma jikin mota kake son rufewa da launi ɗaya, ba gashin ido za ka zana ba.

Ari Mai Firigo:
Salamu alaikum. Ni ban san harkar maket ba, ɗana ne ya sa ni cikin gidan nan, amma iska dai sana'ata ce. Me zai sa yaro ya kashe kuɗi a kwampireso? Injin tsohon firigo yana nan a shagona kamar ƙasa. Ba ya ƙara, ko jariri na barci ba zai tashi ba. A haɗa masa tanki da tiyo da agogon iska, shi ke nan.

Malam Issufu:
Baba Ari, na yi amfani da irinsa shekara da shekaru, kuma shirunsa babu kamarsa. Amma abu biyu. Yana tofar da mai cikin tiyo, ɗigon mai ɗaya kuwa in ya sauka a jikin mota fenti sai ya buɗe ido-ido, dole a sa matata mai kyau. Na biyun shi ya fi tsorata ni: injin firigo bai san ya isa ba, zai yi ta tura iska har abin da aka haɗa masa ya gaza. In babu abin da ke yanke wuta in iska ta cika, babu kuma bawul ɗin tsaro, to bam aka ajiye a ɗaka.

Ari Mai Firigo:
Duk ana sawa Malam. Ni ba na haɗa abu babu su. Kuma ba na taɓa tsohuwar butelin gas, ko an roƙe ni.

Malam Issufu:
To in kai ne za ka haɗa da hannunka na yarda. Abin da nake gudu yaro ya kalli bidiyo ya ce shi ma zai iya.

Mamman Sani:
Mu da muka fara tun babu ko ɗaya fa? Tayar sikuru ta mota nake kai wa mai faci ya cika ta, in ɗauko a kabu-kabu, in haɗa tiyo a bawul. Fiffike ɗaya na jirgi kake fesawa iska ta fara sanyi, launi ya canza a tsakiyar aiki. Ga warin roba. Amma da babu gara ba daɗi, kuma ita taya ba ruwanta da an yanke kuran.

Lawali na Zango:
Wallahi batun kuran ɗin nan yana raina. In ana tsakiyar feshi aka ɗauke fa?

Hadiza Maket:
Lita 3 ba za ta kai ka nesa ba, amma takan isa ka ƙarasa gefen da ka fara ka kuma wanke alƙalamin, wanda shi ne muhimmi. Fenti in ya bushe a ciki ka shiga uku. Injin kuma ba ya cin wuta sosai, bai kai wat 200 ba, ni a kan batirin sola nake tayar da nawa. Waɗannan ƙananan masu caji da ake ɗaura wa alƙalami a gindi kuwa, na masu kwalliya da masu kek, iskarsu ba ta da ƙarfi kuma yawancinsu ba ka iya daidaita ta yadda kake so. Kada ka sa kuɗinka.

Tunda ɗan baffanka jirgi zai hau, ga abin da ba wanda ya faɗa. Fentin gwangwanin feshi da diliwan, wato sinadarin tsinka fenti, da duk abin da ke kama wuta ba a yarda da su a kayan fasinja. Launin motarka na asali a wurin Tamiya shi ne TS-34, amma gwangwanin feshi ne, ka manta da shi. Ko 'yan kwalaben Tamiya ɗin akwai alamar wuta a jikinsu, don da alkol aka haɗa su. Vallejo na Sipaniya shi ne na ruwa zalla. Ka ce ya nemo maka Model Air, an riga an tsinka shi don feshi, da farin fentin shimfiɗa nasu, da ruwan tsinkawarsu, da ɗan maganin da ke jinkirta bushewa. Wannan na ƙarshen a Zinder ba ado ba ne, dole ne.

Kuma kada ka kuskura ka zuba wa Vallejo alkol na farmasi. Tamiya yana shan alkol, shi kuwa Vallejo dunƙulewa yake ya koma kamar kindirmo a cikin ƙoƙon.

Sani Bakano:
Wannan ya taɓa cina. Awa biyu ina tsince shi da tsinken sakace.

Malam Issufu:
Kuma rawaya ba ta rufe komai, shi ya sa ka sha wahala da buroshi. Duk launuka ita da ja da lemo sun fi rashin kunya. Fari za ka fara shimfiɗawa, ya kwana ya bushe sarai, sannan rawaya shafi uku ko huɗu marasa kauri. Kaurin fentin ya zama kamar madarar shanu da aka tatso yanzu, in ka shafa a bangon ƙoƙo ya gangaro ya bar ɗan launi. Agogon iska tsakanin bar 1 da 1.5. Nisa kamar faɗin yatsu huɗu zuwa tafin hannu. In ka ga jikin ya yi ƙurji-ƙurji kamar takardar yashi, fentin a iska ya bushe kafin ya sauka: matso kusa, rage iska, ƙara ruwa. In ka ga ya bazu da ƙafafu kamar gizo-gizo, ka matso da yawa ko ya cika ruwa.

Yatsa kuma ka koya masa wannan: iska ce farko, iska ce ƙarshe. Danna, ja baya, mayar gaba, sannan ka saki. In ka saki kunama fenti na kan allura, dannawa ta gaba tofi za ta fara yi.

Kada ka fara da motar. Je Kasuwar Dole ka sayo cokulan roba farare ƙulli guda, ka fesa bayansu har sai guda biyar a jere sun fito sumul.

Nana Mariama:
Ku yi haƙuri in katse ku, ni ma'aikaciyar jinya ce, mijina ne mai wannan harka. Duk kun yi maganar hancin alƙalami, ba wanda ya yi maganar hancin yaron. Abin da ke fita daga feshin nan ƙura ce mai laushi da ke wucewa har huhu, ko da fentin ruwa ne. Na diliwan kuwa takunkumin tsumma ko na likita ba ya tare tururinsa ko kaɗan, sai mai gwangwani biyu da gawayi a ciki, irin mai alamar A2P3. Ƙanena, kada ka rufe ɗaki ka yi feshi don gudun ƙura, kuma ban da kusa da yara ko murhu.

Habu Mai Fenti:
Gaskiya ne Hajiya. Mu nan madara muke sha bayan aiki.

Nana Mariama:
Madara ciki take zuwa Malam Habu, ba huhu ba. Ka sayi takunkumi.

Lawali na Zango:
To ga tambaya. In na buɗe taga ƙura ta shigo, in na rufe Anti Nana ta yi faɗa. Ya ake yi?

Mamman Sani:
Bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi kuma kafin a fara shara a gida. Yayyafa ruwa a ƙasa. Ka sa babban kwali a kwance ka yi feshi a cikinsa, kana gamawa ka kife roba mai tsabta a kan motar, ka ɗan sa tsinke a gefe don iska. Da hunturu in hazo ya sauko kuwa ka haƙura kawai, ka yi haɗi da goge-goge, fenti ya jira.

Hadiza Maket:
Da damina kuma akasin haka ne. Watan Agusta za ka ga ruwa ya taru a 'yar kwalbar da ke ƙarƙashin agogon iska. Ka riƙa danna ta yana fita, tankin ma akwai ƙusa a ƙasansa da ake kwancewa a zubar da ruwa. In ba haka ba wata rana kana tsakiyar rufin mota zai watso maka.

Malam Sani Bakano, na sauko kaɗan. Da jika 60, ya sayi kwampireso mai tanki da alƙalamin da ya zo da shi. Amma ɗan baffan ya riƙo masa allura biyu da hanci biyu na 0.3 na irin alƙalamin, don a garin nan ba inda zai same su. In hannunsa ya faɗa, ya tara kuɗi ya sayi Harder & Steenbeck Ultra ko Iwata Neo, tiyon duk ɗaya ne, 1/8. Badger ne da Paasche ke da nasu zaren daban, sai da mahaɗi.

Sani Bakano:
Alhamdu lillahi, yau Damagaram ta bi Kano.

Malam Issufu:
Ba ta bi ba, ta dai ba ka aron gaskiya. Ƙari ɗaya a kan na Sin ɗin: 'yan robobin da ke cikinsa ba sa jure diliwan mai zafi, kumbura suke su narke. Masu tsada da teflon ake yi musu. To kada ka jiƙa shi gaba ɗaya a diliwan. In ka ga kumfa tana tasowa a ƙoƙo alhali ba ka toshe gaba ba, iska ce ke zurarewa ta zaren hanci, ɗan kakin zuma a kan zaren yana maganinta. In ba ta daina ba hancin ya tsage, canza shi. Kuma ban da tura allurar ɗinki a ciki don a buɗe shi.

Lawali na Zango:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta komai a kaye. Zan dawo da labari.

Lawali na Zango:
Jama'a na dawo, sati bakwai ke nan. Kwampireso ya iso daga Kano, mai tanki, ya cinye kusan duk kuɗin, fenti kuwa ɗan baffana ya ce kyauta ya ba ni. Man birki ya cire tsohon fentin tas, sai cikin layukan ƙofa da na bi da tsinke. Cokali 23 na fesa. Na farkon kamar an yi musu ƙyanda, wajen na goma sha biyar abin ya fara kama hanya. Allura ɗaya ta tafi, Malam Sani ka yi gaskiya: na cire murfin gaba don in goge tsini, alƙalamin ya gangaro daga tebur. Takunkumi ma na saya, Anti Nana.

Jiya da asuba na yi shafi na uku na rawaya. Wallahi sai da na tsaya ina kallonta, layukan ƙofa duk suna nan, har 'yan ƙusoshin jiki ana gani. Na kife roba na tafi shan koko. Da na dawo na ɗaga, sai ga ɗan ƙaramin sauro kwance a tsakiyar rufin, ya buɗe fukafukai, ya manne. Ta wajen tsinken ya shiga.

Habu Mai Fenti:
Inna lillahi. Bar shi, ka ce direba ne.

Malam Issufu:
Kada ka taɓa shi yau. Ka ba shi kwana biyu fentin ya yi ƙarfi, ka ɗage shi da tsinin reza, ka bi wurin da takardar yashi mai lamba 2000 da ruwa, a hankali, da yatsa ɗaya. Vallejo in bai bushe sosai ba saɓulewa yake kamar fata, to kada ka yi gaggawa. Sannan shafi ɗaya marar kauri a kan rufin duka, ba wurin kaɗai ba.

Hadiza Maket:
Kuma ka yanko tsohon gidan sauro ka rufa a kan robar. Turo mana hoton kafin ka cire shi.